Mai Rabon Hanya

Ƙarfe takwas na dare a Fortaleza,
gahawar Jucilene ta huce.
A allo, layin da ya bi ƙarƙashin teku
ya yi jawur, ya cika har wuya.

Ba ta taɓa ko waya ɗaya ba.
Na'urorin ba su da ta cewa,
ƙwaƙwalwa guda ke ganin dukan hanyoyi,
ita ta rubuta wa:
kashi sittin su miƙe,
arba'in su zaga ta Recife.

An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.
Nan shekarar ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Ja ya koma kore.
Muryar wata uwa ta daina yankewa,
can Lisbon ɗanta ya ji ƙarshen maganar:
ka dai ci abinci?