Guntun Dogo

Ranar da masaƙar Kakuri ta garƙame ƙofa
na fito da hannu biyu da takardar sallama.
Hannuwan sun san ƙarfe, takardar ba ta san komai ba.
Shekara tara ina gyaran keken ɗinkin mutane
kafin na tuna kakana maƙeri ne.

Na tambayi kuɗin uwar maƙera ta kanti.
Mai shago ya faɗa, na yi dariya, shi ma ya yi,
muka rabu ba wanda ke bin wani.

A Panteka na same ta,
kwance ƙarƙashin sifirin mota da ƙafafun injin niƙa:
guntun layin dogo, kamu ɗaya da taƙi,
tsatsa ta yi mata lalle har wuya.
Tanimu dillali ya aza ta a sikeli, allura ta rusuna.
Na ce rubuta min rasit,
kada mai kaki ya tare ni a bakin gada
ya ce ni na kwance wa jirgi hanya.
Mai a-daidaita ya karɓi kuɗin mutum biyu,
ya ce wannan fasinjar ba ta san ragi ba.

Bitrus mai walda ya fere mata hanci.
Kwana uku garanda na kuka,
in an ɗauke wuta mu zauna mu ɓare gyaɗa.
Sauran na bi da magagari, safe da yamma,
har fuskarta ta washe
na hango furfurata a ciki.

Kututturen maɗaci na binne a zaure,
na zaunar da ita,
manyan ƙusoshi huɗu na lanƙwasa kan ƙafarta.

Bugun farko, wayyo ƙara!
Kajin Asabe suka watse,
haƙorina na gefe ya amsa.
Maman Rifkatu ta leƙo ta katanga:
“Malam Ɗanjuma, coci ka buɗe ko tasha?”
Na naɗe ta da tsohuwar sarƙa,
na cusa yashin kogi ƙarƙashinta,
ta sassauta murya, amma ba ta yi shiru ba.
Ni ma ban so ta yi ba.

Fartanyar farko ta fito da murguɗaɗɗen baki
kamar wadda aka hana rance.
Ta biyu ta tsage a ƙota.
Farcen babban yatsana ya yi baƙi, ya faɗi, wani ya tsiro.
An ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe;
ba a ce a bar masaba ta yi fushi ba.
Wannan uwar maƙera ce ta koya min:
in na doke ta a banza, ta mayar min har kafaɗa,
in na saita, ita ke yin rabin aikin.

Damina na kusa sai ga Maman Rifkatu
da laujen marigayi mijinta a bakin zane,
ya dushe, ya yi giɓi biyu.
Jikana Sule ya ja zugazugi,
gawayin kirya ya buɗe ido,
na kama da awartaki, na kwantar, na lallasa a hankali.
Da ta gwada shi kan ciyawar bakin kwata
ba ta ce komai ba.
Washegari ta aiko da kwanon acca.

Yanzu in magariba ta yi na kashe wuta,
nakan dafa bayanta, da sauran ɗumi.
Ta ɗauki taragon gyaɗa, ta ɗauki na auduga,
watakila har audugar da na saƙa.
Wanda jirgi ya bi ta kansa
guduma ba ta razana shi.

Jiya na tarar da Sule ya kara kunne a jikinta.
Na ce me kake yi?
Ya ɗaga min hannu.
Ya ce, “Baba, yi shiru, yana zuwa.”