Wuƙar da Ba Ta da Tsini

Ba ta da tsini.
Ranar da tsoho Tokuda ya miƙo min ita
a ƙofar bayan kicin, jakarsa na jiran mota,
na zaci karyayya ce,
baki a datse kamar an gille mata hanci.
Ya ce, da Larabcinsa mai ɗingishi:
Ganye kawai. Ban da ƙashi.
Kada ta kwana da ruwa a jiki.
Ya nuna min zane uku kusa da ƙota,
sunan maƙerin ke nan, wai ya rasu,
wai a garinsu guduma ke riga zakara tashi.

Ban gaya masa ni ma jikan maƙera ne ba.
Kakana Barmo ya bar zugazugansa a Tasawa,
ya tako gabas shekara tara
yana gyaran lauje a gonakin mutane
har ya ga Maliya da idonsa.
Ni ban gaji masaba ba, ban gaji awartaki ba,
kunne kawai na gada:
in ƙarfe ya yi magana, nakan ji.

Ita kuwa ba ta da surutu.
Ta shiga kabeji, shuu, kamar mai cire takalmi a ƙofar masallaci.
Albasa ba ta sanin an raba ta
sai ta ga kanta a kwance, fala-fala,
ana hango katako ta cikinta.
Tun zuwanta na rage hawaye.

Amma Jidda gari ne mai gumi.
Iskar teku na bin ƙarfe kamar mai bin bashi.
Shi ya sa tsumma ba ya barin kafaɗata:
yanka, shafa, yanka, shafa.
Da daddare ɗigon mai biyu,
in naɗe ta a tsohuwar jarida.
Ta yi duhu a hannuna, shuɗi-shuɗi, toka-toka,
tumatir ya bar nasa, lemun tsami ya bar nasa.
Wannan ba datti ba ne,
rini ne, kuma ba a sayensa a Bab Makka.

Sai ran wata Alhamis da zazzaɓi ya kwantar da ni.
Yaron nan Siddik, ɗan Kosti, mai saurin hannu,
ya ɗauke ta ya sari daskararriyar kaza,
ya jefa ta cikin kwanuka ya tafi.
Na same ta da safe ja wur,
da giɓi a baki kamar na ɗan shekara bakwai.

Na buɗe baki zan yi faɗa.
Na ga yana murza gefen rigarsa,
watansa huɗu bai ji muryar uwarsa ba.
Na ce, kawo dutse. Jiƙa shi
har sai ya daina kumfa.

Dare uku muka yi.
Na kwantar da yatsunsa a kan ƙarfen,
kaurin kwabo biyu tsakaninta da dutse, kada ya wuce.
Tura, jawo. Kada ka wanke laka, ita ke aikin.
Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji Barmo,
ashe da dutse ma yakan yi,
wani siririn amo, kamar numfashin mai barci.

Giɓin ya tafi.
Ya tafi da ɗan faɗinta, kamar ƙwayar gero.
Ba wanda zai lura sai ni,
ni da na san abin da shekara ashirin da biyu
ta ci a jikina a garin nan.

Yanzu asuba ta yi, an sauke buhun albasa.
Siddik ya riga ni zuwa.
Na hango tsumma a kafaɗarsa.
Ban ce komai ba, na ɗora ruwan shayi.