Ƙasa, Sama, Ƙasa

Fintan ne ya bar mini ita ranar da zai tafi,
mutumin Ailan, mai haƙa rijiyar burtsatse.
Ya ce mandolin ba ta shiga akwatinsa.
Ƙarya yake, na ga akwatin.

Tsirkiya takwas, biyu-biyu kamar tagwaye,
jiki kamar ɓarin gwanda.
Ni da na girma da garaya a cinya
na ɗauka abin wasan yara ne.

Ɗan makaɗin da ya ba ni ya ɓata cikin sati.
Na je Rumde Ajiya wurin Hamajoda mahauci,
na roƙi guntun ƙahon sa,
na yanka, na goga a bakin dakali
har ya koma kamar farce.

Kada ka damƙe shi kamar ka kama mai cin bashinka,
haka ya ce da ni.
Riƙe shi kamar ƙwan tattabara.
Kafaɗa ta yi barci, gwiwar hannu ta yi gyangyaɗi,
wuyan hannu kaɗai ke aiki,
irin yarfe ruwa bayan alwala.

Ƙasa, sama, ƙasa.
Ƙasa, sama, ƙasa.
Bugu na huɗu shi ne ɗan banzan.
Hannu na son ya hau sama, hanyar ta fi kusa,
amma nan ne diddigen mai rawa ke sauka,
dole ka tsallake tsirkiya a wofi,
ka sake faɗo mata daga bisa.

Wata uku ina rigima da wannan tsallaken.
Motocin auduga suka wuce, suka dawo wayam,
Binuwai ta janye ta bar yashi,
Garwa ta yi zafin da tsirkiya ke saki da kanta.

Wata la'asar, bayan katanga,
Astajam da ƙannenta biyu na lugude,
taɓarya uku, turmi ɗaya,
ta farkon tana da nauyi, biyun na bin sawu.
Na bi su. Hannun ya bi.
Ban ma san lokacin da na daina ƙirga ba.

Ban taɓa ganin rawar ba.
Ya ce can hannuwa manne suke da jiki,
ƙafa kaɗai ke magana.
Nan kuwa Goggo Dudu, da sandarta da ciwon gwiwa,
tana zaune kan tabarma tana tsince wake,
kafaɗunta ne suka fara amsawa.

Ta ce, wannan kiɗan na su wane ne?
Na ce ƙahon dai na Hamajoda ne.