Ɗan Ƙaramin Dare

Aikina ƙidaya.
Sha huɗu a bakin mota, sha huɗu a ƙofar gandun daji,
sha huɗu bayan mun tsallake fadamar
da ta haɗiye takalmin Eetu na hagu, ta ƙi amayarwa.

Wayoyinsu na kwance a akwatin ƙarfe a ofishin mai gadi,
amma hannun Ronja bai samu labari ba:
ya shiga aljihu, ya fito wayam,
jim kaɗan ya sake komawa.

Nan arewacin Finlan, a watan Yuni,
rana ba ta iya sallama ba.
Takan gangaro har ta taɓa kawunan bishiyoyi,
kamar baƙon da ya riga ya sa takalmi,
sai kuma ta tuna wata hira, ta koma ta zauna.
Tocilan da iyaye suka cusa a jakunkuna
ko sau ɗaya ba a kunna su ba.

Veikko, tsohon jagoranmu, ya koya musu ƙulli biyar,
da riƙon filafili don kada kwalekwale ya yi ta zagaye,
da ɓawon farar bishiya mai kama wuta ko da a jiƙe.
Ba ya yabo.
In ka yi daidai sai ya miƙo maka kofi,
baƙi ƙirin, mai ɗanɗanon hayaƙi.

Dare na huɗu, in har dare ne,
ƙarfe biyu saura, na leƙa tantuna.
Sha uku.
Na sake da yatsa. Sha uku.
Na sa hannu a jakar barcin Pihla, ta yi sanyi.

Gansakuka ba ta riƙon sawu.
Na kira sunan ƙasa-ƙasa don kada saura su farka,
tafki ya maido mini da shi yadda na ba shi.

Can na hango ta a kan dutse, bakin ruwa,
ta rungume gwiwa, ido a bushe.
Pihlar da ta riga kowa hawa tsauni da igiya,
mai ɗaukar tukunya ba a roƙe ta ba.

"Me kike jira?"
"Duhu," ta ce.
"A gida sai an kashe fitila nake kuka.
Tun da Baba ya koma Oulu da akwatinsa
kullum sai na yi, kaɗan, sannan barci ya zo.
Nan kwana huɗu ban samu wuri ba.
Ko'ina haske, kamar ana kallona."

Wannan ba ya cikin littafin horo.
An koya mana karaya, an koya mana ƙuna,
da cire kaska, da abin yi in tsawa ta ritsa mu a kan ruwa.
Na tsaya kamar an dasa ni.
Sai na tuɓe babbar rigar ruwata
mai warin hayaƙi da maganin sauro,
na lulluɓe ta tun daga ka,
na ja gefuna har suka taɓa dutse,
na ce, "Ga dare. Ƙarami ne, amma naki ne."

Na juya baya, na zauna gadi.
Wani tsuntsun ruwa ya yi kira daga tsakiyar tafki, sau biyu.
Rigar ta yi ta motsi a hankali.
Sauro suka yi walima a wuyana,
ban mare su ba, gudun ƙara.

Da safe Veikko ya dubi wuyana,
ya dubi idanunta da suka kumbura,
ya hura wuta,
ya miƙo kofi biyu.

Dare na shida na nemi rigar a kan igiyar shanya,
babu.
Da hantsi na same ta a ninke
a ƙofar tantin samari,
an ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauka.
Na mayar da ita kan igiya, can gefe,
inda gajere ma zai iya kaiwa,
na tafi ƙidaya.