Rigar da Ba ta da Hannu Ɗaya

A Aboabo, ƙarƙashin gadon Kawu Ɗantala,
akwai akwatin ƙarfe da tsatsa ta ci wa baki.
Ciki riga ce shuɗiya, hannun hagu babu,
allura na nan soke a wuyanta.

Na tambaye shi ranar da ruwa ya hana mu fita.
Ya daɗe yana juya goro a tafin hannu
kafin ya ce:

"Talata ce. Ko kokona ban shanye ba.
Keken ɗinki na gudu, rediyo na surutu,
sai rediyon ya haɗiye muryarsa.
Na buge shi, na zaci batir ne.
Da ya dawo, babu mai magana,
sai badujala, sai badujala,
kamar wanda ya san labari yana jin nauyin faɗa.

Kusan azahar wani ya karanta takarda:
can ƙasarmu ta asali, an harbe shugaba
a mota, a kan hanyarsa ta zuwa aiki.

Kin san Kejetia, ko tsawa ba a ji a cikinta.
Ran nan layin 'yan goro ya yi tsit.
An bar huhu a buɗe, ganye na bushewa,
mai wake da shinkafa ta rufe tukunya,
dattawa sun yi wa rediyo ɗaya da'ira
kamar masu jin ɗumin wuta.

Kwana bakwai aka ba da na makoki.
Tuta ta sauko rabin sanda,
baƙin yadi ya ƙare a kasuwa.
Ni na yanka ƙyallaye sun fi ɗari,
kowa na ɗaurawa a damtse,
ban karɓi ko sisi ba.
Maame Frimpomaa, maƙwabciyarmu,
ta shigo da jan zanen makokinsu,
ta zauna kusa da iyarmu, ba Hausa, ba Tonanci,
hannu kawai a kan hannu."

Na ce, "Kawu, ashe kana son mutumin nan haka?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Ban taɓa ganinsa ba, sai a kalanda.

Rediyo ya ce: shugaba, da direbansa.
Haka kawai. Da direbansa.
Sau nawa suka maimaita? Na daina ƙirgawa.
Sunan shugaba har da na kakansa,
garinsu, makarantarsa, abincin da yake so.
Direba kuwa ba shi da uwa a bakinsu.

Sallau ne. Ƙanena, mai bi mini.
A tashar Tafo ya koyi sitiyari,
ya tafi can neman arziki, ya samu,
ya aiko wasiƙa: a ɗinka mini shuɗiya,
zan zo gida da babbar sallah.

Ƙasa guda ta yi kuka, har da mu a nan,
sai na ari kukan nasu na yi nawa a ciki.
Babu wanda ya gane."

Ruwa ya tsagaita. Ladan ya gyara murya.
Na ce, "Ka ba ni, in ƙarasa hannun."

Ya mayar da murfin akwatin a hankali.
"Bar ta. Ban auna shi ba tukuna."