Bakinki, Muryata

A wani ɗaki bayan shagon caji a Ƙofar Marusa,
inda Sallau ya manna kwalayen ƙwai a bango
don kada kukan janareta ya faɗo cikin soyayya,
nan nake zama ke, Odessa,
daga la'asar har a kira isha'i.

Shekara goma sha ɗaya ina ara miki harshe.
Na san inda kike haɗiye yawu kafin ki yi ƙarya,
na san girar hagu ce ke fara fushi.

Farkonki a wani tsohon kaset na gan shi, hoton duk ya koɗe:
baƙar yarinya, farar hula, tire a hannu,
sunanki can ƙasa, bayan na mai kula da karnuka.
Layi ɗaya suka ba ki.
"Ga shayin, ranki ya daɗe."
Amma yadda kika dire kofin nan,
ko kurma ya san ba shayi ya kawo ki ba.

Sai asibiti. Shekara goma sha takwas kina nas
a wasan da ba ya ƙarewa.
Kin riƙe hannun masu mutuwa sun fi ɗari,
ke ma sun kashe ki sau biyu:
sau ɗaya da mota,
sau ɗaya da kika nemi ƙarin kuɗi.
'Yan kallo suka yi ca,
aka tono ki, aka ce Usainarki ce.

Rigimata da ke ɗaya ce:
bakinki na rufewa, Hausata ba ta gama ba.
Nakan raba karin magana gida biyu,
in ba ki "in ka ga gemun ɗan'uwanka",
in tafi gida da ruwan a cikin jaka.

Ina taya tattasai a kasuwa
mai kayan miya ya ɗago kai:
"Ke! Ashe ke kika ɓoye wasiyyar likita!"
Ya hana ni gyara.
Ke aka miƙa wa kambu a zaure mai fitilu,
ni dubu biyu kowane kashi, in Sallau bai ce gobe ba.
Ban ji haushi ba.
To, na ɗan ji.

A wata hira kika ce kakarki auduga ta tsinta
har yatsunta suka manta yadda ake miƙewa.
Na tsayar da hoton.
Tawa kakar, Iya Tasalla, kaɗi take a Rafindadi,
mazari na juyi, alli a ɗan yatsa.
Ban ce mu dangi ne ba.
Na dai daɗe ban danna ci gaba ba.

Sai da furfura ta ci rabin kanki
suka ba ki fim naki na kanki, suna a sama,
alƙaliya, babu tire, babu allura.
Kika taka cikin kotun nan
kamar mai biyo tsohon bashi.

Ran Talata ƙanena ya miƙo mini waya: kin rasu.
Wannan karon babu Usaina.
Saura kashi bakwai ban ɗora wa murya ba.
Jiya na yi dariyarki,
sau huɗu Sallau na cewa a sake,
wai tana fita a jiƙe.

A fitowar ƙarshe ba ki ce komai ba.
Kin cire 'yan kunne, kin ajiye a faranti,
kin dubi taga.
Sallau ya ce, "Hansatu, nan ba magana, tashi mu rufe."
Na ce ya bar jar fitilar a kunne.
Kina numfashi a wurin,
ya kamata wani ya yi miki shi da Hausa.