Tsohon Mabuɗi

Daren da guguwa ta hana jiragen ruwa barin Ishigaki,
Tamanaha Sae ba ta koma gida ba.
Ta danne tagogin ɗakin gwaji da katako,
ta zauna da faranti biyu da shayin da ya huce.

A na hagu, tsutsar da ta ciro daga cikin ɓaure
bayan makarantar da ta yi firamare.
Ta dama daga Faransa aka aiko mata,
ruɓaɓɓen tuffa ne garinsu.
Gashin ido ya fi kowaccensu kauri.
Kakanninsu sun raba hanya
tun duniya ba ta san tafin ƙafar mutum ba,
ba aike, ba ziyara.

Ta Faransar gurguwa ce.
Sae da kanta ta cire mata furotin guda,
wanda ke tsaye bakin ƙwayoyin gado
yana cewa: ke buɗe, ke jira tukuna,
kai zama jijiya, kai zama fata.
Da babu shi, sai ta kanannaɗe wuri ɗaya,
ga abinci gabanta, ta rasa ta ina ake zuwa.

Kwana tara ke nan da Sae ta aro na tsutsar ɓaure,
ta tsira wa uwar gurguwar da allura,
hannunta na rawa,
sau goma sha ɗaya tana kuskure.

Wuta ta ɗauke. Janareto ya yi tari, ya kama.
Ta sunkuya kan madubi.

Ga jikokin nan suna tafiya.
Suna lanƙwasa, suna miƙewa,
suna barin sawu siriri a kan faranti
kamar ba a taɓa raba su da komai ba.
Mabuɗin wani gida, can ƙetaren tekuna,
ya shiga wannan kwaɗo
ko ƙara bai yi ba.

Ba ta yi ihu ba.
Kakarta Kamado ta tuna, masaƙiya,
wadda ta sauya zare, ta sauya rini,
yaƙi ya ci masaƙarta ta sake wata,
amma ƙullin farko na bakin zane
yadda uwarta ta ƙulla, haka ta ƙulla har ta rasu.
In ka taɓa wannan, in ji ta, sauran duk warwarewa zai yi.

Da asuba ƙaninta Morihide ya kira:
iska ta kwashe rabin rufin gida.
Ginshiƙin fa? in ji Sae.
Yana nan, ya ce.

Ta ɗauki fensir, ta fara ƙirga masu tafiya.
Arba'in da uku.
Ɗaya har yanzu tana kwance.
Ita ma ta rubuta ta.